Rabin Incin Chebo Tijerina

Duk wanda ya san Eusebio Tijerina ya san ba ya shiga ɗaki ya fara duban mutane. Silin yake fara duba. Ko coci ya shiga, ko gidan abinci, ko gidan makoki, sai ya ɗaga kai ya ƙirga tagogin iska tukuna, sannan ya sauko da ido ya gaisa. Mu a Robstown Chebo muke ce masa, kuma mun saba da halin nan nasa har mun daina yi masa dariya. Yanzu ya haura saba'in, gwiwoyinsa sun ƙi hawa tsani, amma wuyan nan bai daina ɗagawa ba.

Shekara arba'in da ɗaya ya yi yana ja wa gidajen mutane bututun iska. A nan kudancin Texas in ba sanyin na'ura daga watan Mayu zuwa Oktoba, gida tanda ne kawai. Na'urar tana zaune can cikin silin, bututu ya fito daga jikinta ya rarrabu ɗaki-ɗaki, kowane bututu ya ƙare a wani ɗan akwatin kwano mai buɗaɗɗen baki yana kallon ƙasa. Ta bakin nan sanyi ke sauka. Ana kafa akwatunan ne tun gida yana tsirara, katako zalla, kafin masu allo su zo su rufe silin. In suka rufe kuwa sun rufe ke nan, abin da ke sama sai mai hawa ya gani.

Akwatin iskar nan shi ne abin alfaharin Chebo. Ba ya ɗauka da ka. Sai ya tsaya tsakiyar ɗakin da ba shi da bango tukuna, ya dubi inda rana za ta faɗi, ya dubi girman tagogi, ya dubi inda rufi ya sauko ƙasa, sannan ya ce nan mai wuya a tsaye za a sa, can mai wuya a gefe, wancan kuma sai mai rigar soso don kada ya yi gumi ya ɗiga wa mutane a gado. Dokokinsa biyu ne, kuma duk mai aikin gini a yankinmu ya san su. Ta farko, leɓen akwati ya zarce katakon silin zuwa ƙasa da rabin inci, daidai kaurin allo. Ta biyu, a ƙarƙashin kowane akwati ya fesa gicciye da fenti ruwan lemo a kan daɓen siminti.

Dalilin ba wani abu mai wuya ba ne. Mai allo yana ɗaga allo mai nauyin tsiya bisa kansa, ba ya ganin abin da ke bayan allon. Leɓen nan ne ke tokare allon ya hana shi kwanciya, sai mai allo ya gane akwai akwati a nan, ya yanka masa taga. In leɓe bai faɗa masa ba, fenti ya faɗa masa. In babu ko ɗaya, allo ya kwanta lafiya lau, akwati ya shiga kabari da ransa.

"Ni ban taɓa binne akwati ba," Chebo kan ce, yana kaɗa almakashin kwanonsa. "Ko ɗaya. A je a tambaya."

Ba a bukatar tambaya, gaskiya yake faɗi. Sai dai yakan manta cewa rabin gaskiyar nan ta wani ce.

Wanin nan shi ne Macario Longoria, mai allo. Dogo ne siriri, mara magana, kullum fari fat da ƙurar allo tun daga gashin gira har takalmi. Shekara ashirin da biyu suna bin juna gida-gida, Chebo ya fita, Macario ya shiga. Chebo ne ya riƙe 'yar Macario, Noemi, ranar da aka yi mata baftisma, kuma tun daga ranar ba su ƙara kiran juna da suna ba, sai kompadre. A wajenmu kompadre ya wuce aboki, wani lokaci ma ya wuce ɗan'uwa, kuma ko me ya yi maka ba ka kunyata shi a gaban bare. Amma tsiya tsakaninsu halal ce.

"Kai mai gwangwani, ka gama ƙwanƙwase-ƙwanƙwasen naka masu aiki su shiga?"

"Shiga mana, fatalwa. Ka dai wanke fuska kafin matar gida ta gan ka ta suma."

"Ni da nake rufa maka asiri? Ba don allona ba da kowa ya ga karkatattun bututunka."

"Karkatattu? Kompadre, ka je a duba maka ido, ƙura ta cinye shi."

Haka suke yi a bayan a-kori-kurar Chebo, suna cin tortiya, wato gurasar masara, da wake da ƙwai da matar Macario ta naɗo musu. Herlinda sunanta, gajeriya mai kaifin baki da taushin zuciya, wadda duk Kirsimeti take tara 'yan'uwanta mata su kwana biyu suna naɗa tamale, wani irin alale na masara mai nama a ciki, a ɓawon masara. Dozin biyun farko da suka fito daga tukunya na kompadre Chebo ne, ko surukinta bai isa ya taɓa ba.

To, a watan Disamba na 1998 ɗan kwangilar da ke ba su aiki, Mista Harlan, ya ce zai gina wa mahaifiyarsa ƙaramin gida a bayan nasa. Tsohuwa ce mai shekara tamanin da ɗoriya, ba ta son hayaniyar jikoki. Harlan ya ce ba ya son hannun kowa a gidan nan sai na mutum biyu, Chebo da Macario. Rabin gidajen yankin nan Harlan ne ke gina su a lokacin, kuma abin da ya faɗa a kan ma'aikaci sauran 'yan kwangila shi suke ɗauka.

Akwati goma sha biyu gidan ke bukata. Ɗakin tsohuwa yana can baya, yana fuskantar yamma, da manyan tagogi biyu saboda tana son ganin bishiyoyinta. Chebo ya duba ya ce ɗakin nan akwati ɗaya ba zai riƙe shi ba, sai biyu, ƙarami wajen ƙofa, babba wajen gado.

Ranar Juma'a da la'asar ya kafa goma sha ɗaya, ya juya zai ɗauki na ƙarshe, babban na wajen gado, sai ya ga ya lotse. Wani ya jefa masa katako a bayan mota. Ya juya shi a hannu, ya yi tsaki. Komawa shago ya naɗa sabo tafiyar minti arba'in ce, da dawowa wani arba'in. Ga shi ya riga ya ɗaura kwalekwalensa na kamun kifi a bayan mota, tun safe ake cewa kifi ya shigo bakin teku kamar me, kuma rana ba ta jiran kowa. Sai ya tuna akwai wani akwati a ƙasan kaya, ragowar wani aiki, irin na kanti. Girmansa daidai, wuyansa daidai. Leɓensa ne kawai gajere, irin wanda ke tsayawa daidai da katako bai zarce ba.

Ya riƙe shi yana duban leɓen. Wallahi ya san abin da yake riƙe da shi, ba wanda zai ce bai sani ba. Ya ce a ransa ai ga fenti. Ya hau ya kafa, ya ɗaure bututu, ya liƙe gaɓa tsaf yadda ya saba. Ya sauko ya girgiza gwangwanin fenti ya danna, sai iska kawai ta fito, fuu. Ya sake girgizawa, ko ɗigo. Ya ce ba komai, jibi Lahadi za su haɗu a coci, sai ya gaya wa kompadre da baki.

Lahadi suka haɗu kuwa. Bayan an tashi suka tsaya a layin sayen naman kan sa, Chebo ya buɗe hannuwa yana nuna girman kifin da ya kama, Macario yana cewa ya rage kaɗan kada hannunsa ya goce. Suka yi dariya suka rabu. Ranar Litinin Macario ya rufe silin.

A watan Janairu Chebo ya dawo sa marfin raga a tagogin iska. Ya zo da goma sha biyu, ya sa goma sha ɗaya, ɗaya ya rage a kwali. Kafet ya riga ya rufe daɓe, fenti fari ya rufe silin, gida ya yi kyau kamar ba hannu ne ya yi shi ba. Mutumin da ke ƙirga tagogin iska a coci ya tsaya da marfi a hannu, ya ce wataƙila ya sayo da yawa ne. Ana sanyi, ba wanda ke neman iska. Ya jefa marfin a bayan kujerar mota, inda ya yi wata shida yana ƙarar ƙwal-ƙwal duk ramin da aka faɗa.

Tsohuwar Harlan ba mai ƙorafi ba ce. Zafi ya shigo, ɗakinta ya ƙi sanyi, ta ce tsufa ne. Ta sayi ƙaramar fanka ba ta gaya wa kowa ba, don kada a ce ta raina gidan da ɗanta ya gina mata. A tsakiyar Yuli, ranar da ko karnuka ba su fito daga ƙarƙashin motoci ba, aka same ta da yamma a ƙasa kusa da gado. Kwana uku ta yi a asibiti. Ta tashi, Allah ya yi da sauran kwana, amma ba ta ƙara tafiya ba sanda ba.

Harlan ya kira su su biyu. Suka same shi tsaye a ɗakin, fuskarsa ja, takardar zanen gidan a hannunsa.

"Zane ya ce taga biyu," ya ce. "Ni ɗaya nake gani. Waye zai gaya mini inda ɗayar ta tafi?"

"Bari in hau," in ji Chebo.

Cikin silin a watan Yuli ba wajen ɗan Adam ba ne. Ya rarrafa bisa katako da tocila a baki, gumi na zuba a idonsa, har ya kai saman ɗakin. Ya yaye soson da ya rufe wajen. Ga akwati nan, bututu ɗaure, yana ta hura sanyi a bayan allon da ba shi da taga, wata bakwai. Ya haska gefensa ya ga alamar kanti, ya ga gajeren leɓe zaune daidai da katako. Nan take komai ya dawo masa, lotsattsen akwati, gwangwanin fenti, kifi, marfin da ke ƙara a bayan kujera. Ya zauna cikin zafin nan ya fi minti biyar, ba don yana dubawa ba, ya gama gani tun kallon farko.

Ya ɗauki sukudireba ya huda allon daga sama don a ga wurin, ya sauko.

"Akwati yana nan," ya ce, yana share fuska da riga don kada ya dubi kowa. "Bututu yana nan, iska na zuwa. Rufe shi aka yi."

Ba ƙarya a ciki, ko kalma ɗaya. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan har yau, kuma shi ma shi ne ya fi cin sa.

Macario ya jawo tsani, ya hau da ɗan zartonsa, ya bi hujin ya yanka taga, ƙura na zubo masa a fuska. Sanyi ya faɗo ɗakin kamar an buɗe firij. Ya tura hannu cikin tagar yana shafa gefenta, ya sa babban yatsansa tsakanin allo da bakin akwati. Ya daɗe a haka. Sannan ya sauko da ido ya dubi Chebo daga saman tsani, kallo ɗaya, ba fushi a ciki, kamar mai jiran a ƙarasa magana.

Chebo ya ce bari ya ɗauko kayan aiki a mota.

Da ya dawo da ɗan zoben kwano na ƙara tsawon leɓe da marfin nan mai ƙura, Harlan ya riga ya fara yi wa Macario faɗa.

"Shekara nawa kana wannan aiki, Longoria? Uwata ce fa! Uwata! Ka rufe mata iska kamar mai rufe tukunya, ka tafi gida ka yi barci?"

"Ban ga alama ba, Mista Harlan," in ji Macario a hankali.

"Ba ka ga alama ba? Tijerina bai taɓa barin akwati ba alama ba, kowa ya sani. Ko ba haka ba, Tijerina?"

Chebo yana saman tsani, bayansa gare su, yana ɗaura marfi. Kafet ya rufe daɓe, ba mai iya duba fenti. Ya ce, "Haka na saba yi." Ya ci gaba da murɗa sukuru.

Macario ya dubi marfin, ya dubi ƙurar wata shida da ke kansa. Ya tattara zartonsa, ya ce wa Harlan Allah ya ba tsohuwa lafiya, ya fita.

Kafin ƙarshen Agusta ba ɗan kwangila ɗaya a yankinmu da ke kiran Macario Longoria. Ba wanda ya ce ya kore shi, waya ce kawai ta daina ƙara. Ya koma bin aiki a Houston, tafiyar awa uku da wani abu, ya tafi Litinin ya dawo Asabar, yana kwana a ɗaki ɗaya da maza biyar da bai sani ba. Shekara tara ya yi a haka. Noemi ta gama makaranta, ta yi aure, ta haihu, ubanta baƙon ƙarshen mako ne. Chebo kuwa aiki ya ƙaru masa, don Harlan yana ba da labarinsa ko'ina, mutumin da ya hau silin cikin Yuli ya gano laifin wani.

Kirsimetin shekarar nan Herlinda da kanta ta kawo tamale gidan Chebo, naɗe a tawul don kada su huce. Ta tsaya a ƙofa ta ƙi zama.

"Kompadre, haƙuri na zo ba ka," ta ce. "Saura kaɗan wannan mutum ya ɓata maka suna. Ni na rasa me ya shiga kansa. Taga ɗaya fa! Na tambaye shi har na gaji, ba abin da yake cewa sai bai gani ba."

"Haba komadre, ai kuskure ne. Kowa na yi."

"Ban da kai," ta ce, ta danƙa masa tawul ɗin. "Ka ci da zafinsu."

Ya ci kuwa. Ina so in ce sun maƙale masa a wuya, amma shi da kansa ya ce mini sun yi daɗi, kuma daɗin ne abin kunyar. Shekara goma sha biyu dozin biyun nan ba su taɓa fashi ba.

Ba rabuwa suka yi da Macario ba, da ma rabuwar ce da ya fi sauƙi. Suna haɗuwa a coci, a bikin baftisma, a jana'iza. Su gaisa, kompadre, kompadre, ya jiki, ya iyali. Mai gwangwani da fatalwa ne suka mutu, ba wanda ya sake jin su. Kuma duk lokacin da suka gaisa Macario kan riƙe hannunsa ya ɗan wuce ƙa'ida, yana dubansa da kallon nan na saman tsani. Chebo ya iya zamewa. Kullum akwai wanda yake kiran sa daga wancan gefe.

A gidan Longoria kuwa maganar ba ta mutu ba. Herlinda tana son mijinta, amma bakinta ba ya mantuwa. In famfo ya lalace ya ce zai gyara, sai ta ce a dai duba da kyau kada a rufe shi da allo. In ya yi ƙorafin hanyar Houston, ta ce wa ya aike shi. Har a gaban mutane takan yi, da wasa-wasa, ana dariya, shi ma ya yi murmushi. Chebo ya sha jin wannan da kunnensa, da farantin abinci a hannunsa.

A wajen aiki ya zama wani iri. Ya daina sayen akwatin kanti kwata-kwata, kowanne da hannunsa yake naɗawa. Gwangwanin fenti uku yake yawo da su. Yakan ƙirga akwatuna sau biyu, ya rubuta adadin a jikin katakon ƙofa da manyan baƙaƙe, ya dawo ranar da masu allo suka gama ya sake ƙirgawa. Mutane suna cewa ka ga mai amana. Ya gyara komai a aikinsa, sai abu ɗaya da ba a gyara shi da almakashi.

Ba wai bai yi niyya ba. Ya yi niyya ya fi sau ɗari. Ya ce bari Macario ya dawo daga Houston gaba ɗaya. Da ya dawo, bayansa ya lalace, ya ce bari ya warke. Ya ce bari Harlan ya yi ritaya. Harlan ya yi ritaya har ya mutu. Sai a kakar 2010 aka ce Herlinda ba lafiya, ciwon ya kama hanta. Chebo ya shirya maganarsa tsaf, har yana maimaita ta a mota. Sau biyu ya kai kan layinsu ya juya, yana cewa ai ba a kai wa mara lafiya irin wannan magana, bari ta ɗan samu sauƙi.

A watan Disamba Noemi ta kira shi ta ce mama ta matsa sai an zaunar da ita a kujera ta naɗa tamale, nasa suna nan, ya zo ya karɓa don ita ba ta iya fita. Ya ce yana nan zuwa. Bai je ba. Ya san in ya shiga ɗakin nan ya ga yadda ta koma, ko dai ya faɗa ko ya kasa, kuma duka biyun tsoro suke ba shi. A watan Fabrairu aka binne ta. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin gawar.

Sati uku bayan haka, wata Talata da hantsi, ya je. Macario yana zaune a kicin shi kaɗai, da kofi da ya huce a gabansa. Ya tsufa, gashinsa yanzu fari ne ba da taimakon ƙura ba. Chebo ya ƙi zama. Ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu, idonsa ya tafi silin don sabo, ya dawo da shi da ƙyar.

"Kompadre, akwatin gidan tsohuwar Harlan," ya ce. "Gajeren leɓe ne. Ni na sa shi. Fenti ya ƙare mini, ban yi alama ba. Na ce zan gaya maka a coci na manta. Laifina ne, ba naka ba."

Duk dogon jawabin da ya shirya, abin da ya fito ke nan.

Macario ya ɗaga babban yatsansa na dama, ya nuna faɗin farcen da ɗayan hannun.

"Rabin inci," ya ce. "Na auna shi da wannan. Sannan ka fito da marfi daga mota da ƙura a kansa. Kana tsammani makaho ne ni, mai gwangwani?"

Chebo ya jawo kujera ya zauna. "To me ya sa ba ka faɗa ba? Don Allah me ya sa?"

"A gaban Harlan? Kai ka riƙe mini Noemi." Ya juya kofin a kan tebur. "Na ce kafin mu fita ɗakin za ka faɗa. Da muka fita na ce zuwa yamma za ka zo gida. Na ce to Lahadi. Daga nan sai na ce bari in ga iya inda za ka kai."

"Ko komadre ai da ka gaya mata."

"Na so. Sau nawa ma. Amma ka san bakinta, kafin rana ta faɗi duk Robstown ta ji. Kuma maganarka ce, ba tawa ba. Ni ma taurin kai ne, na sani. Ina ta jira ka zo ka faɗa a gabanta, a kicin ɗin nan, in ga fuskarta." Ya shafa gemu. "Abin da nake so ke nan kawai. Ba aikin Harlan ba, ba shekarun Houston ba. In ga fuskarta."

Chebo ya fashe da kuka, irin kukan tsoho mara kyan ji. Ya ce zai faɗa a coci, zai gaya wa Noemi, zai bi 'yan kwangila ɗaya-ɗaya.

"Ka gaya wa Noemi," in ji Macario. "Sauran ka bar su, rabinsu sun mutu. Ni ba na riƙe da kai, na gaji da riƙon. Amma ka makara da sati uku, kompadre. Saura kwana biyu ta rasu ta riƙe hannuna ta ce ta yafe mini Houston. Yafe mini ta yi, ka ji? Na ce mata na gode."

Ya tashi a hankali yana dafa baya, ya buɗe firij ta sama wajen ƙanƙara, ya fito da wata leda ya ajiye gaban Chebo. Tamale ne dozin biyu, sun daskare kamar dutse. Naɗin bai yi kyau ba, wasu sun buɗe, hannun da ya yi su ba ƙarfi. A jikin ledar an rubuta da baƙin alƙalami, rubutun na rawa: Na kompadre Chebo, kada kowa ya taɓa.

"Ɗauki abinka," ya ce. "Ta hana ni ci."

Ya gaya wa Noemi a satin nan. Ta saurare shi har ƙarshe, ta ce ta ji, kuma tun daga ranar Mista Tijerina take ce masa. Da Macario suna zama wani lokaci a baranda ranar Lahadi, ba sa yawan magana. Shekara biyu bayan haka Chebo ya ajiye aiki, ya sayar da injin naɗa kwano.

Ni maƙwabcinsa ne, katanga ɗaya ta raba mu. Bara da guguwa ta ɗauke mana wuta kwana huɗu, na gan shi yana jan ƙaramin janareta zuwa bayan gida, da gwiwoyin nan nasa. Na ce ya haɗa fanka mana ko ya samu ya yi numfashi, zafi zai kashe shi. Ya ce janaretan ba zai ɗauki abu biyu ba. Firij ya haɗa, inda ledar nan take har yau.